Hawan jinin ido: aikin ƙofa, tiyo mai bawul, ko tiyo marar bawul?

Idan likitan ido ya ce maganin ɗigawa ya daina riƙe tansiyon idonka, ko na mahaifinka, ya kuma kawo maganar aiki, to tambayar a yi ko kada a yi ta kusa wucewa. Wadda ta rage ita ce wane aiki. A nan iyalai da yawa ke cijewa. Wani ya ji labarin ɗan tiyo da ake sakawa a ido, wani ya ce tsohon aiki ya fi, ɗan'uwa da ke ƙasar waje ya turo sunan wata sabuwar na'ura ta WhatsApp. Ana ta shawara wata da watanni, jijiyar gani kuwa tana ci gaba da mutuwa.

Gilakoma, wato hawan jinin ido, ba yanar ido ba ce. Wanda aka cire wa yana, washegari a kwance bandeji ya ga fuskar jikokinsa. Aikin gilakoma ba ya dawo da ganin da ya tafi, wanda ya rage yake tsarewa. Ido na samar da wani ruwa garau a cikinsa dare da rana, ba hawaye ba, ruwan yana fita ta wata ƴar matata a kusurwar gaban ido. Idan matatar ta cushe, kamar magudanar unguwa da yashi da leda suka cika a tsakiyar damina, ruwan ya rasa mafita ya danne jijiyar gani. A lafiyayyen ido lambar tansiyo kan tsaya tsakanin 10 da 21. Duk ayyukan da za a ambata a nan abu ɗaya suke nema: saukar da wannan lamba.

Cutar ta fi tsananta a cikinmu, tana kuma kama mu da wuri. Babban binciken da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya sami gilakoma a kashi 5 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40. Kusan kashi 6 cikin 100 kawai na masu ita suka san suna da ita, kuma ɗaya cikin biyar ya riga ya makance. Saboda haka duk wanda aka gano masa ita, ƴaƴansa da ƴan'uwansa na jini su je a auna su, ko da suna gani sarai.

Ma'aunan da za a ɗora kowane aiki a kai

Na farko shi ya fi nauyi: an taɓa sa wuƙa a idon? Farin ido na lulluɓe da wani siririn tantani, kuma a ƙarƙashinsa ake zubar da ruwan. Tantanin da ba a taɓa yankawa ba yana da laushi, yana shan ruwa. Wanda aka riga aka yanka, ko kumburi ya ci shi, ko aka yi shekaru ana ɗiga masa magani iri-iri, ya kan yi tabo. Jikin baƙar fata kuma ya fi saurin yin tabo mai kauri, har a ido, shi ya sa hanyar da ta daɗe a idon Bature kan toshe da wuri a namu.

Na biyu, lamba nawa ake nema? Wanda cutar ta cinye masa gefe da gefe, saura ɗan gani na tsakiya, yana bukatar a sauko da shi kusa da 12 ko ƙasa. Wanda ke farkon cutar, 17 ko 18 na iya isarsa.

Na uku ba ya cikin takardar kamfanin da ya ƙera na'ura, amma ga mutumin Tawa shi ne rabin magana: sau nawa za ka iya komawa gaban likita, kuma a waɗanne makonni? Daga Tawa zuwa Yamai kusan kilomita 550 ne, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, wuni guda a bas. Dattijon da ido ɗaya ya rage masa ba ya yin wannan tafiya shi kaɗai. Kowane aiki yana da makonninsa na haɗari, kuma ba iri ɗaya ba ne.

Sai kuɗi, wanda ya kamata a lissafa dukansa: na'urar, aikin, magani na wata biyu ko uku, kuɗin mota na mutum biyu, masauki, da gonar ko shagon da aka bari. Sai daɗewar aikin da irin haɗarinsa. Na ƙarshe, hannun likitan. Aikin da likita ya saba yi kowane mako ya fi wanda yake yi sau ɗaya a shekara, komai sunan na'urar.

Kafin a kai ga wuƙa

Idan cutar ba ta yi nisa ba, tambayi likita game da lezar da ake kira SLT, wato haske mai ƙarfi da ake haskawa a matatar ido. Minti kaɗan ne a zaune, ba yanka. A asibitin KCMC da ke Moshi a Tanzaniya an gwada ta da maganin ɗigawa na timolol a kan mutum 201, aka buga sakamakon a 2021: bayan shekara ɗaya leza ta riƙe kashi 61 cikin 100 na idanu, timolol kashi 31. Sai dai ƙarfinta na raguwa da shekaru, kuma ba kasafai take kai lamba 35 zuwa 12 ba. Ga wanda ya zo a makare, ba ta maye gurbin aiki.

Tirabekulektomi, aikin ƙofa

Likita ɗan Ingila John Cairns ne ya bayyana shi a 1968, kuma har yau da shi ake gwada kowane sabon aiki. Ba a barin wata na'ura a ido. Likita na yanka ƴar ƙofa a farin ido, can ƙarƙashin fatar ido ta sama, ya ɗinke ta sako-sako yadda ruwa zai riƙa tsiyaya ya taru ƙarƙashin tantani, ya yi ɗan bororo wanda ba a gani sai an ɗaga fatar. Jiki bai san don amfaninsa aka yi ba. Rauni ya gani, kuma rufe shi zai yi. Don haka ake sa maganin mitomisin C a wurin lokacin aiki, ya rage tabo. A ganina, wanda za a yi wa aikin ƙofa a ƙasarmu ya tambaya kai tsaye ko za a sa wannan magani ko ɗan'uwansa 5-FU.

Shi ne mafi araha cikin ayyukan yanka, tunda ba na'urar saye. Shi ne kuma ya fi iya kai lamba ƙasa sosai ba tare da ɗigo ba. A Birtaniya an raba mutum 453 masu cutar da ta yi nisa gida biyu, wasu aka fara musu da ɗigo, wasu da aikin ƙofa. Bayan shekara biyu, a rahoton 2021, masu aiki na kusa da 12, masu ɗigo na kusa da 15, kuma da aka kai shekara biyar masu aikin sun fi riƙe ganinsu.

Wahalarsa tana cikin mako huɗu zuwa shida na farko, lokacin da ake son ganinka kusan kowane mako. Ranar randebu za ka ɗora haɓa a kan na'ura, a ɗiga maka wani ruwa mai launin ɗorawa, a matso da shuɗin haske dab da ido a karanta lamba. Idan ta fara hawa, likita ya danna gefen bororon, ko ya zare zare ɗaya daga ɗinkin, ko ya yi ƴar allura kusa da wurin. Abin minti biyar ne, amma sau da yawa shi ke raba aikin da zai yi shekara goma da wanda zai toshe kafin wata uku. Wanda aka yi wa aikin ƙofa ya hau bas kwana uku bayan haka, bai sake dawowa ba sai bayan girbi, ya bar wa tabo fili.

Haɗarinsa: lamba ta faɗi ƙasa fiye da kima, bororo ya yi yoyo, yanar ido ta yi saurin nuna. Wanda ya fi tsoratar da ni shi ne ƙwayar cuta ta shiga ta bororon, ko bayan shekaru. Mai wannan aiki da idonsa ya yi ja, yana ciwo, yana kwantsa, ranar zai nemi likita, ba gobe ba. Ga ƙurar hunturu ta Adar, tabarau ya zama dole.

Tiyo da faranti

A Afirka ta Kudu aka haifi wannan dabara: Anthony Molteno ya fito da ita a 1969. Siririn tiyo ne na silikon, kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, bakinsa na cikin gaban ido, gindinsa na haɗe da wani ɗan faranti da ake ɗinkewa a jikin ƙwayar ido, kamar milimita 8 zuwa 10 daga bakin baƙin ido, inda ba mai ganinsa. Ruwa na bi ta tiyon ya taru a kan farantin, jiki ya shanye. Fa'idarsa ita ce ya tsallake tantanin gaba da ya yi tabo.

Manyan bincike biyu ne suka gwada tiyo da aikin ƙofa, kuma dole a karanta su tare, don wanda ya karanta ɗaya kawai zai ɓata. Na farko, TVT, mutum 212 ne a Amurka da Birtaniya, dukansu an taɓa yi musu aikin yana ko aikin ƙofa. Bayan shekara biyar, a rahoton 2012, tiyo ya gaza a kashi 30 cikin 100, aikin ƙofa a kashi 47. Waɗanda aka sake yi wa wani aikin: kashi 9 a masu tiyo, kashi 29 a masu ƙofa. Na biyu, PTVT, mutum 242 ne da ba a taɓa yanka idonsu ba. A nan labari ya juya. A shekarar farko tiyo ya gaza a kashi 17, ƙofa a kashi 8. A shekara ta biyar, a rahoton 2022, tazarar ta ragu zuwa 42 da 35, bambancin da masu binciken ba su ɗauka tabbatacce ba, lambar tansiyo kusan 13 a duka biyun, amma masu tiyo sun fi shan wahalar ɗigo. Gazawa a waɗannan bincike ba makanta take nufi ba. Yawanci lamba ce ta fita daga iyakar da aka sa, ko aka bukaci wani aikin.

A ƙasashen da majinyaci ke da asibiti kusa da gida aka tattara waɗannan lambobi. A ɗauke su a matsayin alkibla, kada a ɗauke su alkawari.

Duk tiyo yana da haɗarin da ya keɓanta da shi. Yana iya cin tantanin da ya rufe shi ya fito fili, shi ya sa ake lulluɓe shi da faci ko a bi da shi ta cikin farin ido. Bakinsa na iya cutar da gilashin gaban ido, wato fatar nan garau da ke rufe baƙin ido, a hankali har ya yi hazo. Farantin na iya takura naman da ke juya ido mutum ya riƙa ganin abu biyu-biyu.

Mai bawul: Ahmed

Tiyon da ake kira Ahmed ya shigo a 1993, farantinsa milimita murabba'i 184. A cikinsa akwai bawul, wato ɗan murfi mai buɗewa da rufewa da kansa, da aka tsara ya rufe idan lamba ta sauka kusa da 8. Saboda haka yana fara aiki tun ranar da aka saka shi, kuma da wuya ido ya saki ya yi laushi fiye da kima. Ga wanda ya zo da lamba 50, kai na sara masa, musamman mai ciwon sukari da sabbin jijiyoyin jini suka toshe masa kusurwar ido, wannan saurin shi ake bukata.

Rauninsa biyu. Daga mako na uku zuwa ƴan watanni, lamba kan sake hawa yayin da jiki ke gina kauri a kan farantin, sai an koma ɗigo. Mutum na jin garau, ya ɗauka an gama, alhali lamba ta koma sama. Na biyu tsada: na'urar kaɗai ɗaruruwan dalar Amurka ce, a Nijar da mafi ƙarancin albashi jaka 42 ne a wata.

Marar bawul: Baerveldt da AADI

Tiyon Baerveldt ya fito a 1990, babbansa milimita murabba'i 350, kusan ninki biyu na Ahmed. Faɗin faranti na nufin wurin shan ruwa mai yawa. An gwada su biyun a bincike biyu, ABC da AVB, aka haɗa sakamakon mutum 514 a 2017. Bayan shekara biyar Ahmed ya gaza a kashi 49, Baerveldt a kashi 37, matsakaiciyar lamba kusan 16 da 13. Amma waɗanda aikinsu ya lalace saboda lamba ta faɗi ƙasa ƙwarai sun kai kashi 4.5 a Baerveldt, a Ahmed kuwa ba su kai kashi 1 ba.

A 2013 kamfanin Aurolab na asibitin ido na Aravind, a Madurai ta Indiya, ya fitar da AADI a kan tsarin Baerveldt, a farashin da ke kusa da dalar Amurka 50 a can, wato wajen jaka talatin. Kafin ya iso Yamai kuɗin zai ƙaru, amma tazararsa da Ahmed na da girma. Ni ina ganin wannan na'ura ta fi kowace sabuwar ƙira muhimmanci ga talakan Sahel.

Ga abin da ya kamata mutumin nesa ya riƙe. Tunda ba bawul, likita na ɗaure tiyon da zaren da ke narkewa da kansa, don kada ruwa ya kwarara gaba ɗaya kafin jiki ya yi wa farantin riga. Zaren kan saki wajen mako na biyar ko na shida. Kafin nan ana ci gaba da ɗigo, wani lokaci har da ƙwayar Diamox mai rage ruwan cikin ido, wadda mai sikila ko ciwon ƙoda dole ya faɗa wa likita halinsa kafin a rubuta masa. Ranar da tiyon ya buɗe, lamba na iya faɗuwa farat ɗaya, gani ya dushe, kuma a lokacin ake rage magani. Wato makonnin haɗarin wannan aiki suna zuwa ne daidai lokacin da iyali suka gaji da zaman Yamai suna shirin komawa gida. Gara a dawo Tawa a mako na biyu idan likita ya yarda, a koma Yamai a zauna daga mako na biyar zuwa na bakwai.

Ƙananan sabbin na'urori, da lezar rage ruwa

XEN da PreserFlo ƴan bututu ne marasa faranti, masu tsada. Da aka gwada PreserFlo da aikin ƙofa, a rahoton 2021, nasararsa a shekarar farko kashi 54 ce, ta ƙofa kashi 73. XEN kuwa da gelatin na alade aka yi shi, kuma Musulmi na da haƙƙin ya san haka kafin ya sa hannu. Wata na'urar, CyPass, kamfaninta ya janye ta daga kasuwa a 2018 bayan bibiyar shekara biyar ta nuna tana cutar da gilashin gaban ido. Sabo ba shi ne tabbatacce ba tukuna.

Akwai kuma lezar dayod da ake haskawa ta farin ido don rage samar da ruwan. Ba yanka, ba ta son komawa da yawa, ana iya maimaitawa, amma sakamakonta ba shi da tabbas kamar na aiki, tana kuma iya jawo kumburi ko rage gani. An daɗe ana ajiye ta don idon da ya mutu yana ciwo. A Bauci an gwada ta a idanu masu gani, saboda yawancin waɗanda ake ba shawarar aiki ba sa dawowa.

| Zaɓi | Kuɗi | Daɗewa | Makonnin da ake son ka kusa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Lezar SLT | Kaɗan | Tana raguwa, ana maimaitawa | Ba takura | Ta kasa isa |
| Aikin ƙofa | Matsakaici | Mai kyau a idon da ba a taɓa ba | 1 zuwa 6 | Tabo, yoyo, ƙwayar cuta |
| Ahmed | Mai yawa | Matsakaici, sau da yawa da ɗigo | Na farko, sai 3 zuwa 12 | Lamba ta sake hawa |
| Baerveldt | Mai yawa | Mai kyau | Na farko, sai 5 zuwa 7 | Lamba ta faɗi ƙwarai |
| AADI | Matsakaici | Tsarin Baerveldt ne | Na farko, sai 5 zuwa 7 | Lamba ta faɗi ƙwarai |
| Lezar dayod | Kaɗan | Ba tabbas | Ba takura sosai | Kumburi, raguwar gani |

Ko wanne aka yi, makonnin farko ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba kwalli, ba barin ruwan alwala ya shiga idon. Tambayi likita yaushe za ka koma sujada, kafin nan ka yi salla a zaune da nuni. Kada azumi ya sa ka ajiye ɗigo, a tsara maka lokutansa.

Wa ya dace da me

Idon da ba a taɓa yankawa ba, cutar ta yi nisa, kuma kana da ɗan'uwa a Yamai da zai sauke ka wata ɗaya da rabi: aikin ƙofa da mitomisin. Kada tsadar tiyo ta sa ka ɗauka ya fi. Idan ƙofar ta toshe wata rana, tiyo na nan a gaba.

An taɓa yin aikin ƙofa ya toshe, ko tantanin ya yi tabo daga wani aikin: tiyo. Idan ana neman lamba ƙasa sosai kuma aljihu ba nauyi, AADI, da sharaɗin makonni na biyar zuwa na bakwai.

Lamba ta yi sama ƙwarai ba ta jira, ko gilakomar ciwon sukari ce, ko ta kumburin cikin ido inda ake tsoron ido ya saki: Ahmed, tare da maganin asalin ciwon, kuma a riƙa auna lamba har wata uku ko da mutum na jin lafiya.

Idon da ya daina ganin ko haske: ba a kashe kuɗin tiyo a kansa. Idan yana ciwo, lezar dayod. Kuɗin da kulawar su koma ga ɗaya idon.

Sai wanda ya fi damuna, manomin da ke can bayan Tawa, wajen Keita ko Buza, wanda ba zai iya zaman mako shida a birni ba. A nan ba a cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi, don ƙin tashi makanta ce. Ya gaya wa likita gaskiyar halinsa tun ranar farko, kada kunya ta sa ya ce zai dawo alhali ya san ba zai iya ba. A sa ranar aiki bayan an kai amfanin gona gida. A nemi likitan Yamai ya rubuta takarda zuwa sashen ido na asibitin jihar Tawa, mai ɗauke da irin aikin da aka yi, da lambar da ake nema, da lambar da idan an gani za a turo shi nan take. Idan ko hakan ba zai yiwu ba, a tattauna Ahmed ko lezar dayod, waɗanda ba su rataya a kan cire zaren ɗinki kowane mako ba.